Naman da ke yawo da ƙafarsa

Wanda bai kwana a Malanville cikin watan Afrilu ba, da sauransa a sanin zafi. Garin yana ƙurewar arewacin Jamhuriyar Benin, cikin jihar Alibori, ya jingina da Kogin Kwara, Gaya ta Nijar tana hango shi daga tsallaken gada. Tsohon sunansa Tassi, wato yashi da harshen Dendi, kafin Faransawa su laƙaba masa sunan wani gwamnansu na Dahomey, wato Benin ta yau, Henri Malan. Yashin nan kuwa in bazara ta kankama kasko yake zama. Ma'aunin zafi ya haura 40, naman da aka yanka da hantsi, in ba a yi masa dabara ba, kafin a kira magariba ƙuda ya kai labarinsa maƙwabta.

A cikin wannan zafi kakata, Iya muke ce mata, ta riƙe gida mai baki fiye da goma. Babu firji, ko da akwai ma babu wutar da za a sa masa. Amma ban taɓa ganin baƙo ya sauka an kai masa tuwo da miya lami ba. Sai da na girma na gane dabararta biyu ce tak. Abin da zai iya zama da ransa, ta bar shi da ransa sai ranar buƙata. Abin da ba zai iya ba, ta raba shi da ruwan jikinsa, da rana ko hayaƙi ko tafasasshen mai. Na farkon yana akurki a bayan madafa, na biyun yana cikin tukwane a ƙarƙashin gadonta.

Mu fara da na akurki. A dubi girman kaza da kyau. Sa in ya faɗi sai an tara unguwa, akuya ma sai an aika wa maƙwabta ko a kwana ana suya. Kaza kuwa Allah ya yi ta daidai tukunya ɗaya: a yanka da azahar, a ci da dare, babu abin da ya rage balle ya lalace. Kafin ranar yankan ita ke neman rabin abincinta, tana tono a gindin turmi da bayan danga, tana ƙara nauyi. Wane firji ne za ka zuba wa nama ka wayi gari ya ƙaru? Ga shi kuma kuɗi ce a tafe. Yaro ya kwana da zazzaɓi, ko an koro shi daga lakwal saboda littafi, sai a ɗaure zakara guda a nufi kasuwa. Kasuwar Malanville kuwa, wadda ake lissafa ta a bayan Dantokpa ta Kwatano wajen girma, ba ta rasa mai sayen kaza: ga Dendawa da Zabarmawa, ga Fulani, ga fatake daga Kamba da Illo ta wajen Kabi, ga masu gashi a bakin tasha. Galibi kuma kaza dukiyar mata ce da yara. Matar da ba ta isa ta taɓa rumbun mijinta ba, ba ta jiran izinin kowa kafin ta sayar da kazarta. An ga ranar wannan ƙaramar dukiya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe gada, manyan motoci suka yi jerin gwano a kan hanyar Kandi, masu dako da 'yan kamasho da yawa suka riƙa komawa gida hannu Rabbana. Na san gidajen da a lokacin suka riƙa cire kaza ɗaya-ɗaya suna mayar da ita masara.

To amma in ana son gaskiya, kiwon da yawancinmu ke yi sunansa kiwon Allah. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 ta kwanta, ta ƙyanƙyashe bayan kwana 21, ta maimaita haka sau uku ko huɗu a shekara. Wajen ƙyanƙyasa ba ta da laifi. Ɓarnar tana bayan nan. Ka ga uwa da 'yan tsaki goma sha biyu ranar Juma'a, Juma'a ta zagayo ka ƙirga tara, kafin wata biyu huɗu ko biyar ne ke biye da ita. Shirwa ta ɗauki nata da rana, muzuru da tunku da gafiya su ɗauki nasu da dare, raɓar asuba ta jiƙa wasu su sandare, wasu su faɗa kaskon ruwa, wasu kuma yunwa ce kawai, don manyan kaji sun wawushe tsabar kafin su kai baki. Mun saba da wannan har mun ɗauka ƙa'idar kiwo ce, alhali kwando ɗaya yakan tare mafi yawanta. Babban kwando mai faɗin baki, saƙar gora ko ta kaba, a kife uwa da 'ya'yanta a inuwa da shi, a zuba musu tsaki mai laushi nasu na kansu, a sa ruwa a murfin kwano marar zurfi da 'yan tsakuwoyi a ciki don kada su nutse. Kullum a matsar da shi zuwa busasshen wuri. Mako huɗu zuwa shida ake nema, kafin nan gashi ya fito, ƙafa ta yi ƙwari, ɗan tsako ya san gudu in uwa ta yi ƙara. Iya takan karɓi tsohon taru wajen Sarkawa ta shimfiɗa shi bisa kusurwar gida a kan sanduna huɗu. Na sha zama ina kallon shirwa ta kawo sura, ta ga raga, ta yi sama da haushi.

Akurkin Iya na laka ne, kewayayye kamar ɗan rumbu, da 'yar ƙofa da ake toshewa da dutse in magariba ta yi. Ina ƙaunarsa don ni ne mai buɗe shi da asuba, amma ƙauna ba za ta hana ni faɗin aibinsa ba. Yana da ɗumi da hunturu, muzuru kuma ba ya shiga. Sai dai iska ma ba ta shiga, tsintsiya ba ta shiga, hannu ba ya kaiwa ƙuryarsa. Kaza ba ta gumi, da haki take rage zafin jikinta, don haka cusa kaji goma sha biyar cikin tukunyar laka a daren Afrilu azaba ce. Mafi muni shi ne tsagar bango. Akwai wata kaska mai laushi da ke ɓuya a cikin tsagar da rana, ta fito da dare ta sha jini ta koma. Ka kama kaza da rana ka duba ba ka ga komai ba, amma tana ramewa, zankonta ya koɗe, mai kwanci ta tashi ta bar ƙwai ya huce, a ce sakarya ce. Ba sakarci ba ne, cizo ne ya kore ta.

Ruwa ne ya raba mu da akurkin. Duk mazaunin Malanville da Karimama ya san Agusta da Satumba, lokacin da Kwara ke cika, kogin Sota ma ya kawo nasa, ruwan sama kuma ya rasa inda zai bi. Wata shekara muka wayi gari tsakar gida ta zama tafki, akurki ya narke ya zauna a kan abin da ke cikinsa. Kajin da suka tsira su ne 'yan tawayen da kullum ke ƙin shiga suna kwana bisa bedi. Kawuna ya dubi bedin, ya dubi lakar, ya ce, “Iya, ai kajin sun gaya mana yadda suke so a gina musu.”

Akurkin da ya yi mata bai ci kuɗin kirki ba, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi dacewa da ƙasar nan ba. Ƙafafu huɗu na itacen da gara ba ta so, tsayin kamar mita 1 daga ƙasa. Daɓen tsagaggiyar gora ce, an bar tazarar yatsa tsakanin kowace biyu don kashi ya zube ƙasa, inda ya baza ɓuntun shinkafa, abin da ba ya tsada a garin da ke da fadamar noman shinkafa a bakin kogi. A jikin kowace ƙafa ya kifa tsohon gwangwani kamar mazurari, ɓera ko maciji ya hawo ya ci karo ya koma. Ɓangaren da iskar hunturu ke bugowa ya rufe da zana, sauran ya sa ragar waya mai ƙananan ido. Rufin ciyawa ne mai zubowa sosai, saboda feshin damina. Wanda ya fi son kwano sai ya shimfiɗa ciyawa ko zana a kansa, in ba haka ba gashi ya gina, ba akurki ba. Ƙofa ya yi ta da faɗi, yadda mutum zai sa kafaɗa da tsintsiya. A ciki ya gitta sanduna don kwana, kowace kaza taƙi guda, kamar santimita 20, kuma bai kafe su da ƙusa ba, don a riƙa zare su ana shanyawa a rana ana babbaka musu wutar kara sama-sama. Wurin ƙwai fasassun tukwane ne a lungu mai duhu, toka a ƙasa, ciyawa a bisa. Mai kwanci kuma a ware ta, don in wasu suna hawa kanta suna ƙara mata sabon ƙwai, ranar ƙyanƙyasa sai ta tashi da na farko ta bar na baya. Abin da ya taru a ƙarƙashin akurkin ma bai zama shara ba. Masu lambun albasa da tattasai har gida suke biyowa, don sun san takin kaji ya fi na shanu ƙarfi, in dai an bar shi ya huce kafin a zuba.

Sai dai akwai ɓarawon da gwangwani da ragar waya ba sa tarewa. Da zarar hunturu ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai ka ji ana cewa ciwon kaji ya shiga unguwa kaza. Kaza ta yi jugum, ta saki fukafukai kamar mai jan babbar riga, kashi ya zama kore-kore, numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe ta riƙa kallon sama. Cikin mako guda gida ya yi tsit, ba cara ba kyarkyara. Wannan ce cutar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle, sunan birnin Ingila da aka gan ta a kusa da shi a 1926, shekarar da aka gan ta kuma a tsibirin Java. Ƙwayar bairos ce, kuma ba ta da magani. Iya takan jiƙa ɓawon maɗaci da barkono ta ba su. Mu da muka zo daga baya muka koma fasa kafso ja-da-yalo a ruwan sha, muna ganin mun fi ta wayewa. Duk ɗaya ne, sai ma dai nata bai cutar da kowa ba, namu kuwa yana koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin da gobe ɗanka zai buƙata a asibiti. Kajin da suka tashi, da ma masu tashi ne.

Yadda take yaɗuwa ma hannunmu ne. Mai kaji ya ga biyu sun mutu, ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ya kwashi sauran ya kai kasuwa ya karya farashi. Wata ta ga araha ta saya, ta kai gida ta sake cikin nata. A gari irin wannan, inda kejin kaji ke tsallaka kogi a kwalekwale, ya hau babur ya shiga ƙasa uku cikin yini ɗaya, ba a buƙatar mako biyu ciwo ya gama karkara. Duk kazar da ta shigo gida, ta saye ce ko ta kyauta, ko wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka dawo da ita, a ɗaure ta gefe mako biyu kafin ta haɗu da sauran.

Rigakafi kuwa akwai, kuma kuɗinsa bai kai na kaza guda ba a garke mai yawa. Akwai nau'in da ake kira I-2, wanda masana a Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka samar musamman don kajin ƙauye, saboda yana jure zafi fiye da sauran. Ɗigo ɗaya ake sawa a ido, babba da ɗan tsako duk ɗaya, a maimaita duk wata huɗu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana haɗa shi. A ƙasashen renon Faransa an fi sanin na allura, irin su ITA-NEW, wanda masu rigakafin ƙauye ke yawo da shi gida-gida. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, don haka maƙwabta su haɗa kai a yi wa unguwa rana guda, wanda hakan ya ma fi kariya. A nannaɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma, kada a ajiye ta a rana wai don an ce tana jure zafi, in an buɗe kuma a ƙarar da ita da wuri. Abin da aka fi kuskurewa shi ne lokaci. Jikin kaza yana buƙatar kamar mako biyu kafin rigakafin ya kama, saboda haka watan Oktoba ne lokacinsa, ana cikin girbi, kaji na ƙoshe, ciwo bai iso ba. Amma mu sai mun ga gawa muke neman mai allura, ya zo ya yi wa waɗanda suka riga suka kamu, su mutu, a ce allura ce ta kashe su, baɗi kuma a hana shi shiga gida.

Wani abin lura: murar tsuntsaye tana kama da wannan ciwo ƙwarai, ido ba ya raba su. Ta ɓulla a jihar Kaduna da kuma Magarya ta Nijar a Fabrairun 2006, ta isa kudancin Benin, Adjarra da Kwatano, a Disambar 2007, kuma ita tana iya kama mutum. Al'adar nan ta a yi maza a yanka kafin ta mutu, yara su fige, ba ta da kyau in mutuwar ta zo da yawa lokaci guda. A haƙa rami mai zurfi a binne ko a ƙone, a wanke hannu da sabulu, a sanar da ma'aikatan kiwo.

Abinci ba sai an je kanti ba. Dusar gero da ta masara da ta shinkafa suna nan, sai dai ta shinkafa ba ta son dogon ajiya, takan yi ɗoyi. Abin da kazar gida ta fi rasawa shi ne mai gina jiki, musamman da rani in ƙwari sun ɓace. Aikina ne tun ina ɗan shekara bakwai in cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, in yayyafa ruwa, in kife ta a kan hanyar gara da yamma. Da hantsi in ɗauko ta tana motsi, in zazzage wa 'yan tsaki, su yi ta rububi. Kan kifi da garin banda da ke zubewa wajen masu sayarwa ma abinci ne, haka ganyen zogale. Masu ƙwai suna son ƙonannen ƙashi ko ɓawon katantanwar kogi a daka. Hatsin da ya yi fumfuna dai kada a ce bari a ba kaji, gubar da ke cikinsa tana lalata musu hanta kamar yadda take yi wa mutum. Sannan ruwa, ruwa, ruwa. Kaza nawa ce ke rage ƙwai da bazara ba don komai ba sai don kasko ya bushe tun azahar?

Zabi ma suna da wuri a irin wannan gida. Da damina Fulani kan kawo ƙwansu kasuwa, a saya a sa wa kaza ta kwanta, don ta fi zabuwa haƙuri da reno, sai dai a san nasu kwana 26 zuwa 28 ne, kuma 'ya'yansu ba sa shiri da sanyi da jiƙa ko kaɗan. Masu son kaza mai jiki suna sayen Goliath, wadda a Benin ɗin aka samar da ita, ko waɗanda ake kira maja a Nijeriya. Suna da nama, amma suna da ci, kuma wanda bai iya raya 'yan tsakin kazar gida ba, kuɗinsa zai zubar. Daskararrun kajin kwali da ke sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano kuwa, ina tambayar mai saye abu ɗaya: tsakanin teku da Malanville, tafiyar fiye da kilomita 700, sau nawa suka narke suka sake daskarewa?

Yanzu mu leƙa ƙarƙashin gado. Lokacin sanyi zuwa farkon bazara lambunan bakin kogi kan yi amai da tumatir da albasa da tattasai har kwando ya rasa mai taya shi, wata huɗu bayan nan kuma ka nemi tumatir uku a jaka guda. Iya ba ta taɓa yarda kasuwa ta yi mata wannan wasa ba. In tumatir ya faɗi sai ta saya da yawa, a zauna a tsaga shi biyu-biyu, a shanya ya zama kauɗa. Kuɓewa a yanka ta ƙwaya-ƙwaya, barkono a baza, ganyen albasa a kirɓa a dunƙula a busar ya zama gabu, wanda ƙamshinsa a miyar kuka har yau nake nema. Kifi a banda shi a kan wuta marar harshe sai ya yi ƙaras. Bayan layya kuwa kwana biyu ake yi ana suya, a yanka naman ƙanana, a sa gishiri, a bar shi a cikin kitsensa har sai tafasar ta daina tsartsatsi, alamar ruwa ya ƙare ke nan, sannan a juye a tukunyar da aka gasa a wuta ta bushe. In ta ga zakaru sun yi yawa suna cin hatsi a banza suna faɗa, sai ta yanka uku ta yi dambu, ta soya shi ya bushe sarai. Wannan shi ake ɗaura wa ɗalibi mai komawa makaranta Paraku da matafiyi mai zuwa Yamai.

Doka ɗaya ce a kan tukwanen, kuma na sha rankwashi a kanta: ba a sa jiƙaƙƙen hannu. “Kai ɗan nan, ruwa ne maƙiyinsa,” haka take cewa. Ba ta taɓa jin sunan ƙwayar cuta ba, amma abin da malaman kimiyya ke koyarwa ke nan, cewa ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa hayayyafa inda babu danshi. Lokaci-lokaci kuma takan juye naman ta sake ɗumama shi a wuta. Inda za a gyara wa iyayenmu kaɗan ne. Shanya a ƙasa ko a bakin kwalta tana tara ƙura da kashin awaki, gara a ɗaga ta bisa gadon kara a rufa da raga. Abin da bai bushe har ciki ba kada a ƙulle shi a leda. Masu fesa wa banda maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa kuwa, su ji tsoron Allah.

Turawa sun bi wata hanya saboda ƙasarsu ba ta da irin ranarmu. Wani mai dafa abinci Bafaranshe, Nicolas Appert, ya gano cewa in an zuba abinci a kwalba aka toshe aka dafa ta cikin ruwa yana daɗewa, ya wallafa bayaninsa a 1810, gwamnatin Faransa ta ba shi ladan faran 12,000, tun kafin Louis Pasteur ya bayyana dalilin. A 1858 wani Ba'amurke, John Mason, ya fito da kwalba mai murfin murɗawa, daga nan jera kwalaben tumatir da 'ya'yan itace a ɗakin ajiya ya zama abin da jikokinsu ke tuna kakanninsu da shi, kamar yadda nake tuna tukwanen Iya. Mu ma mun ba duniya tamu dabarar: Mohammed Bah Abba, malami daga jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Tana riƙe ɗanyen tumatir da ganye kwanaki masu yawa in iska busasshiya ce, amma ajiyar kwanaki ce, ba ta watanni ba.

Dabarar kwalba ta shigo mana yanzu, ƙungiyoyin mata suna koyar da ita, waya ma tana koyarwa, kuma ga tumatir abu ne mai kyau, don miyar kauɗa duk daɗinta ba ta yin ja irin na ɗanye. A zaɓi lafiyayye, ba ragowar kwandon da ya fara ruwa ba. A markaɗa a dafa ya yi kauri, a wanke kwalabe a tafasa su, a zuba da zafinsa a bar ɗan sarari a wuya, a ƙara ruwan lemun tsami cokali biyu na cin abinci a kowace lita, a rufe da murfi mai kamawa, a jera a tukunya da tsumma a ƙasa, ruwa ya shanye kansu, su tafasa aƙalla minti 45. Lemun tsamin nan ba don ɗanɗano ba ne, shi ne mai gadi.

Ga dalili. Akwai wata ƙwayar cuta a cikin ƙasa da ake kira botulinum, wadda ba ta son iska kuma ba ta son tsami. Irinta yana jure tafasasshen ruwa na awoyi, don ruwa ba ya wuce digiri 100 komai yawan itacen da ka tura. In ta samu kanta a rufaffiyar kwalba mai danshi marar tsami, ta samu gida, sai ta saki gubar da ke cikin mafi ƙarfi da aka sani. Tana shanye jijiyoyi: gani ya rabu biyu, fatar ido ta faɗi, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi. Wani lokaci murfi kan kumbura ko wari ya sauya, wani lokaci kuma babu alama ko ɗaya. Nama da kaza da kifi da wake da kuɓewa duk ba su da tsami, kuma ba a kashe irin ƙwayar a cikinsu sai da zafin digiri 116 zuwa 121, wanda sai tukunya ta musamman mai matse tururi da ma'auni a kanta ke kaiwa. Wanda ya ce maka ka dafa kaza ka zuba a kwalbar mayonis ka tafasa a tukunyar tuwo ta shekara, bai san abin da yake faɗa ba. Haka markaɗen tumatir da aka cika wa albasa da tattasai da tafarnuwa, tsaminsa ya ragu, ya fita daga lissafin da na bayar. Ko na tumatir zalla, duk kwalbar da murfinta ya taso ko ta yi kumfa a zubar ba tare da an ɗanɗana ba, wadda ta yi kyau kuma a tafasa abin cikinta minti 10 kafin a kai baki, abin da miyarmu da ma take yi.

Ƙanwata ce ta gaji gidan Iya. Bara da na je, cikin Yuli, tumatir ya yi tsadar da sai a hange shi, ta janyo kwali daga ƙarƙashin gado ta nuna mini kwalabe goma sha bakwai jajaye, kowace da watan da aka yi ta a rubuce a jikin takarda, kusa da su ga buhun kauɗa da ƙullin gabu. Na ce, “To ina na nama?” Ta ce, “Yaya, kai ma dai.” Ta ɗaga labule ta ƙwala wa ɗanta kira, ta ce ya kamo mata jan zakaran nan kafin ya haye katanga.